Hoton Da Aka Datse Wa Ƙafa

A'a, ɗan nan, dakata. Kada ka sake ce mini ita ta jawo wa kanta. Tun ɗazu doka, doka, bakinka bai huta ba. Ni ma na ji dokar, Auta da bakinta ta lissafa mini ita tana sharar majina. Gyara zama ka ji abin da dokar ba ta leƙa ta gani ba.

A can saman laburaren kwalejin akwai wani ɗaki da suke tara tsofaffin takardu da hotunan mutanen da ƙasa ta daɗe da rufe wa ido. Ɗaki ne mai sanyi, tagogi kullum a rufe, ana magana ƙasa-ƙasa kamar an kwantar da jariri. Ba a shiga da jaka, ba a shiga da ruwa, ba a shiga da biro sai fensir. Za ka wanke hannu, ka ajiye katinka a teburin Malama mai tabarau, ita ce mai kula da ɗakin, ka sa sunanka, ta miƙo maka kwali guda. Sai ka mayar kafin ka ga wani. In hoto ne, sai ka zura farar safar hannu kamar mai shirin tiyata. Ko ƙyallen takarda ba ya fita daga ɗakin nan, kuma duk wanda sunansa ke kan kwali, kwalin a wuyansa yake.

Auta tana shekararta ta ƙarshe, an ba ta aikin rubuta tarihin tsohuwar gadar gari. Yarinya ce da in ta taka ƙasa ƙasar ba ta sani ba, shi ya sa Malama ta saba da ita har tana ce mata ƙanwata. Ran nan tana buɗe wani babban littafin hotuna sai ga ranar da aka buɗe gadar: manyan mutane sun jeru da huluna da takalma masu sheƙi, a gefensu kuma wani dogon saurayi, ƙafa ba takalmi, taɓo har gwiwa, ya dogara da shebur. A ƙasan hoton an rubuta sunayen kowa, har da nasa, kusa da hatimin laburare. Sunan kakanta ne, uban babanta, wanda ba a taɓa ganin hotonsa a gidan ba. Hancin ma nasu ne.

Laifinta na farko kenan, murna. Ta dawo gida tana haki, ana cin abinci ta ba da labari. Inna ta ce ikon Allah. Yaya ya yi dariya ya ce ashe lebura muka gada. Baba kuwa ya daina tauna.

Ka san a lokacin ana neman wa Yaya auren 'yar wani babban gida. Baba ya je gaisuwa can ya dawo da ciwon da ba a sayar da maganinsa a kanti. Falon mutanen nan, daga wannan bango zuwa wancan, kakanni ne a cikin gilashi, kowa ya harɗe. Shi kuwa duk kantin kayan gininsa da motarsa, bangonsa ba komai sai agogo da kalandar masu siminti. Kuma surukan sun ce za su zo ganin gida.

Washegari Baba ya kira Auta ya ce ta kawo masa ubansa.

Ta yi masa bayani a hankali. Ta ce ba a fita da komai, amma akwai hanya: ana cike takarda, su ɗauki hoton hoton su ba mutum, sai dai yakan ɗauki lokaci. Baba ya dube ta sama da ƙasa.

"Hoton hoto? Ubana na hannun wasu a kulle, ni a ba ni inuwarsa? Su suka haife shi?"

Ta ce kora ake yi, Baba. Ya ce shi bai ga abin kora ba a ɗa ya nemi ganin mahaifinsa. Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta. In ta durƙusa da safe sai ya ƙara wa rediyo murya. In ta kawo masa ruwa sai ya kira wani ya canza kofin.

Inna ce ta ɗauki aikin lallashi, kuma ta iya. Tana tsefe mata kai tana cewa ai aro ne, wa ya ce sata? Baƙi su zo su gani, a mayar musu da abinsu, ko ƙuda ba zai sani ba. Littafin da ya shekara da shekaru ba wanda ya buɗe, yau ne za a ƙirga shi? Yaya kuma ba ya lallashi. Ya tare ta a bakin ƙofa ya ce in auren nan ya lalace saboda tsoronta na banza, to ta san ba ta da wa. Ya ce kuma ai kowa ya san tsohon mai gadin laburare ba ya taɓa mata. Gaskiya ya faɗa. Maza yakan sa su zazzage aljihu, ya buɗe littattafansu ya karkaɗe, amma in mace ce sai ya kawar da kai ya ce wuce, 'yata. Kunyar dattijon nan ita suka mayar ƙofa.

Ranar da ta yi abin, tun a wurin wanke hannu sabulu ya suɓuce mata sau biyu. Malama ta miƙo kwalin tana tambayarta ya aiki, ta ce da godiya, muryar kamar ta aro. Hoton ba a manne yake ba, kusurwoyinsa huɗu ne aka soke cikin wasu 'yan aljifan takarda. Ta zauna gabansa har fensir ya jiƙe a hannunta. Can Malama ta tashi ta shiga ciki neman wa wani kwali, ba ta ko waiwaya ba, don wa za ta waiwaya? Auta ta zare shi, ta cusa ƙarƙashin mayafi, ta manna a ƙirji. Takardar sanyi ƙalau, ita kuwa gumi har tafin ƙafa.

Ta mayar da kwalin, ta karɓi katinta. Matakalar nan da take sauka kullum a guje, ranar sai da ta dafa bango. A ƙofa mai gadi yana zazzage jakar wani saurayi, ya ɗago ya gan ta.

"'Yata, lafiya? Kin yi fari fat. Karatu ba a yi masa da yunwa, je ki ci abinci."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta fita ta zagaya bayan ginin ta amayar da abin da ba ta ci ba.

A gida kuwa Baba ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo. Ta ɗauka hawaye zai yi. Sai ya ce, ashe ba takalmi. Ya sa a ambulan ya fita. Da ya dawo da shi cikin gilashi da katako mai ruwan zinariya, kaka ya tsaya daga ƙugu zuwa sama, kafaɗa da kafaɗa da manya, ba shebur, ba taɓo. Auta ta ce a ranta mai gilashin naɗe ƙasan ya yi ta baya. Ta riƙe wannan tunanin da hannu biyu, don ba ta da wani.

Surukai suka zo, suka sha ruwa, suka ɗaga kai. Baba ya gyara murya ya ce mahaifina kenan, ranar da suka buɗe gadar. Bai yi ƙarya ba, ka lura, suka buɗe ya ce. Baƙi suka jinjina kai, aka ce asali ba ya ɓuya. Da suka tafi Auta ta ce to Baba, a cire in mayar gobe. Ya ce wace irin yarinya ce ke, mutane su dawo su tarar da ƙusa tsirara? A bari sai bayan biki.

Daga nan barcinta ya ƙaura. Aikinta bai ƙare ba, dole ta koma ɗakin, dole ta miƙa kati, dole ta amsa ƙanwata. Ta daina neman wancan kwalin, tana neman wasu, amma idonta na kan ƙofar ciki. Duk wanda ya shigo sai ta kasa kunne ta ji me zai nema. In waya ta yi ƙara a teburin Malama sai ta daina rubutu ta ɗago kai. In an kira sunanta a aji sai ta miƙe zumbur kafin ta gane tambaya ce kawai. Zani ya fara zame mata. Inna ta ce aljanun jarrabawa ne, ta ƙara mata abinci. A falo kuwa ba ta iya wucewa sai ta sunkuyar da kai, gani take dogon saurayin nan yana bin ta da ido.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani baƙon malami ya zo daga nesa yana bincike kan gadoji, aka ɗauko masa littafin, ya buɗe ya tarar da aljifai huɗu ba kowa a ciki. Auta na zaune a ɗakin lokacin. Ta ga Malama ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake dubawa, sannan ta jawo littafin sunaye. Ba ta daɗe tana nema ba. Tun da aka yi ƙidayar bara ba wanda ya taɓa kwalin sai mutum ɗaya.

Malama ta jira kowa ya fita, ta tura ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ƙanwata, ba zan tambaye ki komai ba. In hoton nan ya dawo yadda ya fita, da hatiminsa, kafin kwamiti ya zauna ranar Litinin, zan ce an same shi a wani kwali, kuskuren jeri ne. In Litinin ta yi, ya fi ƙarfina."

Auta ta miƙe. Malama ta miƙa mata katinta ba tare da ta dube ta ba.

Da yamma ta durƙusa gaban Baba, ta faɗa masa duka. Ya saurara yana sakace haƙori. Da ta gama ya ce shi fa bai gane ba, wa ya aike ta?

Ta ɗago ta dube shi.

"Ni cewa na yi ina son ganin ubana. Na ce ki ɗauko ba da izini ba? Ke ce mai boko, ke kika san dokarsu. Da kin ce mini abin zai kai haka, ai da na hana ki."

Yaya ya ce abin ma mai sauƙi ne, ta ce ba ta sani ba, in sun matsa ta rantse, wa ya gan ta? Inna ta ce a dai yi addu'a, mutanen nan tsoratarwa ce kawai, wa zai kori ɗaliba a kan tsohuwar takarda? Baba ya rufe zancen da cewa dangin amarya za su sake shigowa cikin makon nan, kada wanda ya taɓa masa bango.

Ta kwana biyu tana zagaya falon kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ranar Asabar da hantsi, Baba na kanti, Inna ta leƙa maƙwabta, ta taka kujera ta sauke hoton. Ta kifa shi a kan tabarma, ta sa wuƙa ta ɗaga 'yan ƙusoshin baya, ta cire kwalin da aka toshe da shi. Ta sa yatsa tana laluben inda aka naɗe.

Ba a naɗe komai ba. An datse shi ne, tsaf, da reza da ma'auni. Ƙafafun, da shebur, da sunayen, da hatimin, duk babu.

Ba ta san lokacin da ta fita ba, takalmi ma wari da wari ta sa. Mai gilashin yana bakin titi yana goge wani madubi. Ya gane hoton nan take, har da murmushi, ya ce ai aikin ya yi kyau. Ta tambaye shi ina guntun. Ya ce wane guntu, ai shara ta kwashe tun ranar. Ya ce shi ma sai da ya nuna wa maigidan cewa akwai hatimi da rubutu a ƙasa, maigidan ya aza yatsa a ƙugun mutumin ya ce nan za ka yanka, na ƙasan ba shi da amfani. Auta ta je ta tsaya gaban tulin sharar bayan shagon, tana tona shi da tsinke, awaki na kallonta. Mai gilashi ya ce baiwar Allah, mota ta zo ta kwashe sau nawa tun lokacin.

A hanyar dawowa ta yanke shawara za ta kai rabin haka nan. Ko ba a yafe mata ba, a ga dai ba sayarwa ta yi ba. Amma Inna ta riga ta dawo ta tarar da gilashi a ƙasa, tana tsaye a tsakar gida hannu a ka. Da ta ji shawarar sai ta kama hannun Auta ta ja ta ɗaki ta rufe. Ta ce kina da hankali? Duk wanda ya ga yankan nan ya san ba yankan ɗaliba ba ne, za a ce wa ya kai shi shago, a bi sawu har kantin ubanki. Magana ta fita gari, a ce surukin manya ɓarawon hoto ne, ɗan lebura kuma. Auren yayanki fa? Ke mace ce, da takarda da ba takarda gidan wani za ki. Auta ta ce Inna, shekaruna fa, duk wahalar nan. Sai uwar ta dafa ƙirjinta.

"In kika fita da takardar nan daga gidan nan, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Yatsun Auta suka saki. Kafin Baba ya dawo, kaka ya koma kan ƙusarsa, an ma goge masa gilashi.

Ranar Litinin aka ce ta zo da mahaifinta, haka dokar take in laifi ya yi girma. Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya fesa turare. Dogon tebur, mutane a jere, Malama a can ƙarshe da littafin hotunan a buɗe, aljifai huɗu suna kallon silin. Aka tambayi Auta ko ita ta ɗauka. Ta ce ita ce.

Sai Baba ya nemi izinin magana, kuma wallahi ya iya. Ya ce shi mutum ne da ya tashi da guminsa, bai taɓa cin ƙwayar wani ba. Ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa a tarbiyya, amma yaran yanzu sai addu'a, ba ka san da wa suke cuɗanya ba. Ya ce kunyar da ya ji yau bai taɓa jin irinta ba, har muryarsa ta yi rawa. Wani daga cikin malaman ya ce ya yi haƙuri, ba laifinsa ba ne, ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba.

Malama ce kaɗai ba ta kalle shi ba. Ta rage murya ta ce, "Ƙanwata, ina hoton yake? Akwai wanda ya sa ki?"

Auta na jin ƙamshin turaren ubanta a gefenta, tana jin numfashinsa. Ya ɗan yi tari, irin wanda yake yi in yana son a kawo masa ruwa.

"Ya ɓata," in ji ta. "Ni kaɗai ce."

Aka karɓe katin. Aka ce ta kwashe kayanta, ba jarrabawa, ba dawowa. Da suke fita ta ga an ajiye wata mata a ƙofa tana laluben 'yan mata ɗaya bayan ɗaya, layi har waje, ana tsaki ana cewa wata ɓarauniya ce ta jawo mana. Tsohon mai gadin an mayar da shi can bakin wurin ajiye kekuna, cikin rana. Ya hango ta. Bai ce 'yata ba, ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa har suka wuce. A mota Baba ya ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri, dama karatun ya ishe ta haka, kuma ga hidimar biki ana neman hannu.

An yi biki lafiya. Ka je, ai na gan ka. A falon nan ka zauna, Auta ce ta durƙusa ta miƙo maka ruwa, ba ka ko dubi fuskarta ba don kanka na sama. Kai ne ma ka ce kai, kama ba ta ɓuya, dubi hancin. Har yau kaka yana nan a kan ƙusarsa, duk Juma'a ita ake sa wa ta goge gilashin.

Yanzu ka zo kana ce mini ai uba ba zai yi wa 'yar cikinsa haka da gangan ba. Ɗan nan, mutumin da ya aza yatsa aka datse ƙafafun ubansa don ya shiga cikin katako, na 'yarsa ne zai tsaya yana jin tausayi?